Keɓantattun Wasannin Bidiyo da Haƙƙin Mai Saye: Nasiha ga Matasa

Keɓe wasa shi ne a ƙera wasan bidiyo, ko wani yanki nasa, a ƙulla cewa ba za a buga shi ba sai a kan na'urar kamfani ɗaya. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar na'urorin wasa a yau: Sony mai PlayStation da Nintendo mai Switch, dukansu na ƙasar Japan, sai Microsoft na Amurka mai Xbox. A gefensu akwai kwamfuta, wadda ke da nata kantunan na intanet irin su Steam da Epic Games Store. Faifan da aka yi wa na'ura ɗaya ba ya aiki a kan wata, kuma wasan da mutum ya saya a kantin wannan kamfani ba ya bin sa zuwa na wancan. Saboda haka duk wanda ya sayi na'ura ya zaɓi wasannin da zai samu, ya kuma zaɓi waɗanda zai rasa, ko ya sani ko bai sani ba. Daga nan ne gardamar adalci ta taso, kuma matasa ne suka fi kowa shiga cikinta, domin su ne mafi yawan masu buga gem, su ne kuma mafi ƙarancin kuɗin sayen na'ura biyu.

Ire-iren keɓewa

Ba a iya yanke hukunci a kan lamarin sai an rarrabe shi, domin abubuwa huɗu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne wasan gida, wanda mai na'urar ya ƙera da kuɗinsa da ma'aikatansa. Mario da Zelda na Nintendo ne, God of War da Gran Turismo na Sony ne, Halo kuma na Microsoft ne. Ana yin irinsu ne domin su ja mutane zuwa na'urar mai su.

Na biyu shi ne wasan da wani kamfani mai zaman kansa ya ƙera, amma mai na'ura ya ɗauki nauyin aikin, ya kuma riƙe shi. Bayonetta 2 misali ne sananne. Kamfanin PlatinumGames ne ya yi shi, aikin ya tsaya saboda rashin mai zuba kuɗi, sai Nintendo ya shigo ya biya, wasan ya fito a kan na'urarsa ta Wii U a 2014.

Na uku shi ne keɓewa ta wa'adi. A nan wasan na kowa ne, da ma zai fito a na'urori da dama, sai wani kamfani ya biya a jinkirta shi ga abokan hamayyarsa na wata ɗaya, ko wata shida, ko shekara.

Na huɗu shi ne keɓe wani yanki na wasa. Wasan zai fito ko'ina rana ɗaya a farashi ɗaya, amma a ware wani fage, ko makami, ko jarumi, ko wani babi na labarin, a ce na masu na'ura kaza ne kaɗai, na ɗan lokaci ko har abada.

Mafi yawan hayaniyar da ake yi tana zuwa ne daga cuɗa waɗannan huɗun. Mai kare kamfani yakan kafa hujja da na farko, mai sukarsa ya kafa da na huɗu, kowannensu yana da gaskiya a kan abin da ya riƙe, amma ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Abin da ya sa kamfanoni suke yi

Ruwa ba ya tsami banza. Ribar wannan sana'a ba a jikin na'urar take ba. Sony ya sayar da PlayStation 3 ƙasa da kuɗin ƙera ta lokacin da ta fito a 2006. A shari'ar da aka yi tsakanin Epic da Apple a Amurka a 2021, wata babbar jami'ar Xbox ta shaida wa kotu cewa Microsoft ba ya cin riba daga sayar da na'urar kanta. Ribar tana zuwa daga baya: la'adar da mai na'ura ke yanka daga kowane wasa da aka saya a kantinsa na intanet, wadda yawanci kashi 30 cikin 100 ce, da kuɗin rajista na wata-wata irin na PlayStation Plus da Game Pass, da cinikin hannayen wasa da sauran kayan haɗi.

Wannan lissafi ya nuna cewa abin da kamfani ke nema shi ne mutum ya shiga gidansa ya zauna shekaru. Wanda ya tara wasanni a asusu ɗaya, abokansa suna can, nasarorinsa suna rubuce a can, da wuya ya tattara ya koma wani wuri, domin komawar na nufin barin duk abin da ya tara. Tunda kuma na'urorin Sony da Microsoft sun yi kusa da juna a ƙarfi da farashi (PlayStation 5 mai faifai da Xbox Series X duk sun fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499), abin da ya rage ya bambanta su shi ne wasan da ke nan babu shi a can.

Dabarar tsohuwa ce. A shekarun 1980, lokacin da Nintendo ya mamaye kasuwar Amurka da na'urar NES, ya gindaya wa kamfanonin da ke yi masa wasanni sharuɗɗa masu tsauri: kada su fitar da fiye da wasa biyar a shekara, kuma duk wasan da suka ba shi kada su kai wa wata na'ura sai bayan shekara biyu. Kamfanin Sega ya ƙalubalance shi da nasa jarumin, Sonic, a 1991. Tun daga wancan zamani ake yaƙin na'urori da makami ɗaya, wato riƙe abin da ɗaya ɓangaren ba shi da shi.

Hujjar masu goyon baya

Masu ganin halaccin keɓewa suna da hujjoji da ba a watsar da su haka kawai. Babbarsu ita ce tsadar ƙera wasa. Takardun Sony da suka bayyana a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma kimanin dala miliyan 212, ban da kuɗin talla. Kamfani yana iya jure irin wannan kashe kuɗi ne saboda wasan zai sayar masa da na'ura, na'urar kuma ta kawo la'ada na shekaru. Da a ce dole ne kowane wasa ya fito ko'ina, da wasu daga cikinsu ba za a yi su da wannan girma ba.

Hujja ta biyu ita ce wasu wasannin ba za su taɓa fitowa ba in da babu kuɗin mai na'ura. Wanda ya yi fushi don Bayonetta 2 bai zo na'urarsa ba yana fushi ne a kan abin da ba a ƙwace masa ba, domin zaɓin da ke akwai a lokacin shi ne ko wasan ya fito a wurin Nintendo ko kuwa ya mutu a kan takarda. Ƙananan kamfanoni ma sukan karɓi yarjejeniyar wa'adi domin ta ba su tabbacin albashin ma'aikata tun kafin a sayar da kwafi ɗaya.

Ta uku ita ce inganci. Masu ƙera wasa idan na'ura ɗaya suke yi wa aiki sukan san ta ciki da waje, su tatso iyakar ƙarfinta, su rage kurakurai. Ta huɗu ita ce gasa: ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da wata hanyar janye mutane daga babba sai ya riƙe abin da babban ba shi da shi. Da wannan hujja Epic ya kare kansa kan keɓe wasanni bayan ya buɗe kantinsa a ƙarshen 2018, yana karɓar la'adar kashi 12 cikin 100 maimakon kashi 30 da aka saba.

Inda aka tauye mai saye

Duk waɗannan hujjojin suna da ƙarfi ne a kan nau'i na farko da na biyu. Da an zo na uku da na huɗu sai ƙarfinsu ya ragu, domin a nan kuɗin da aka biya sau da yawa bai haifar da sabon abu ba, an biya ne a hana wasu.

Misali mafi bayyana shi ne Destiny, wanda ya fito a Satumban 2014. Masu Xbox sun biya farashi ɗaya da masu PlayStation, amma an ware wasu fagage da makamai aka ce na PlayStation ne tsawon shekara. Wani kashin da ya zo a 2015 an ƙara masa wa'adi, bai isa Xbox ba sai a 2017, lokacin da wasa na biyu ya riga ya fito, mutane sun koma can. A Call of Duty: Modern Warfare na 2019 an keɓe wa PlayStation 4 wani salon wasa har zuwa 1 ga Oktoban 2020. Tunda kusan kowace shekara ake fitar da sabon Call of Duty, wa'adin ya ƙare ne makonni kaɗan kafin magajinsa ya fito. Wa'adi irin wannan sunansa na ɗan lokaci, amma a aikace ya cinye rayuwar wasan. A Marvel's Avengers na 2020 kuwa, jarumi Spider-Man na masu PlayStation ne kaɗai, kuma har aka daina sayar da wasan a 2023 bai je wa sauran ba.

Laifin bai taƙaita ga kamfani ɗaya ba. Microsoft ya riga Sony a kan Call of Duty: shekaru da dama masu Xbox ke samun sababbin fagage wata guda kafin kowa, har yarjejeniyar ta koma hannun Sony a 2015. Ƙarin labarai biyu na Grand Theft Auto IV sun fito a Xbox 360 a 2009, ba su isa PlayStation 3 da kwamfuta ba sai a Afrilun 2010. Masu buga ƙwallon gem ma sun ɗanɗana: daga FIFA 14 zuwa FIFA 17, tsofaffin taurari irin su Pele a sashen Ultimate Team na masu Xbox ne kawai, sai a FIFA 18 aka buɗe su ga sauran. Duk kamfanin da ya samu dama yana yi, kuma wanda yake kuka yau shi ne ya sa wasu kuka jiya.

Akwai kuma matsalar ɓoye gaskiya. A Agustan 2014 aka sanar cewa Rise of the Tomb Raider zai fito a Xbox kaɗai a ƙarshen 2015, alhali jerin Tomb Raider ya yi suna ne tun 1996 a hannun masu PlayStation da kwamfuta. Kalmomin sanarwar sun bar mutane cikin duhu game da ko keɓewar ta har abada ce. Sai a Yulin 2015 aka fito fili da jadawalin sauran na'urori, wasan ya sauka a kwamfuta a Janairun 2016, a PlayStation 4 kuma a Oktoban 2016. Duk wanda ya sayi Xbox a tsakanin nan don tsoron kada wasan ya wuce shi, an sa shi yanke shawara da rabin labari. Haka Final Fantasy VII Remake: ya fito a PlayStation 4 a Afrilun 2020 da alamar wa'adin shekara guda, ya isa kwamfuta a Disamban 2021, masu Xbox kuwa sun shafe fiye da shekara biyar suna jira. A ɓangaren kwamfuta, an janye Metro Exodus daga Steam a ƙarshen Janairun 2019, saura makonni kaɗan ya fito, aka kai shi kantin Epic na shekara guda, bayan an daɗe ana tallarsa a Steam.

Ma'aunin adalci

Idan aka jera waɗannan misalai, za a ga tambayoyi uku sun isa su auna kowace yarjejeniya.

Ta farko: kuɗin da aka biya, gina abu ya yi ko tare hanya? Idan mai na'ura ya biya aka ƙera abin da da ma babu shi, yana da haƙƙin riƙe shi, kamar yadda duk mai sana'a ke da iko da abin da ya ƙera. Idan kuwa wasan ya riga ya kammala ko zai kammala da kansa, aka biya don a hana wasu, to mai na'urar da aka fifita bai ƙaru da komai ba, domin da ma zai samu wasan, ɗayan kuma ya yi asara. Irin wannan ciniki yana amfanar kamfanoni biyu ne, bai amfani mai saye ko ɗaya ba.

Ta biyu: farashi ya yi daidai da kaya? Mutum biyu su ba da kuɗi ɗaya, a auna wa ɗaya mudu cikakke, a auna wa ɗaya wanda bai cika ba, duk kasuwa ta san sunan wannan. Da a ce wanda aka rage wa wani yanki an rage masa farashi, da ƙorafin ya yi sauƙi. Da wuya a ga an yi hakan.

Ta uku: an faɗa wa mai saye gaskiya kafin ya biya? Wa'adin da aka bayyana ranar farawarsa da ranar ƙarewarsa yana barin mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe, ko ya jira ko ya saya. Wanda aka lulluɓe da kalmomi masu harshen damo yana cin riba ne daga jahilcin mai saye. Dokokin ciniki na Musulunci, da al'adar kasuwa baki ɗaya, sun dogara ne a kan yardar juna da bayyana halin kaya, kuma yardar da aka samu ta hanyar ɓoye abin da ya kamata a sani gurguwa ce.

Da wannan ma'auni, wasan gida da wasan da aka ɗauki nauyinsa sun tsallake. Keɓewa ta wa'adi tana tsaka-tsaki: idan gajera ce kuma an bayyana ta, abin haƙuri ne, idan doguwa ce ko ɓoyayya, ta karkata zuwa tauyewa. Rage yanki a farashi ɗaya shi ne mafi rauni a cikinsu, kuma da ƙyar ake samun hujjar da za ta wanke shi.

Duk da haka ya kamata a ajiye lamarin a matsayinsa. Wasan bidiyo abin nishaɗi ne. Wanda aka jinkirta wa gem ba daidai yake da wanda aka ɓoye wa hatsi ko magani ba. Rashin adalcin da ke ciki na gaske ne, amma bai kai a zubar da mutunci a kansa ba. An sha ganin masu fushi suna zagin ma'aikatan da suka ƙera wasa, har da yi musu barazana a intanet, alhali waɗannan ma'aikata ba su ne ke sa hannu a yarjejeniya ba.

Hukumomi da sauyin kasuwa

Gardamar ta fita daga bakin 'yan wasa ta shiga ofisoshin gwamnati lokacin da manyan kamfanoni suka fara sayen masu ƙera wasanni ɗungurungum. Microsoft ya sayi ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, a kan dala biliyan 7.5, cinikin ya kammala a Maris ɗin 2021. Abin mamaki, ya gaji alkawarin da aka riga aka yi wa Sony, don haka Deathloop, wasan da ya zama mallakar Microsoft, ya fito a PlayStation 5 a Satumban 2021, bai isa Xbox ba sai bayan shekara. Amma da Starfield ya fito a Satumban 2023, a Xbox da kwamfuta kaɗai ya fito.

A Janairun 2022 Microsoft ya sanar da sayen Activision Blizzard, mai Call of Duty, a kan dala biliyan 68.7. Hukumomin kula da gasar kasuwanci na Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai duk suka shiga bincike. Ta Amurka ta je kotu don dakatar da cinikin ba ta yi nasara ba, ta Birtaniya ta hana da farko, daga baya ta amince bayan an sauya sharuɗɗa. Kafin a kammala a Oktoban 2023, Microsoft ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 da Nintendo da kuma Sony cewa Call of Duty zai kasance a na'urorinsu. Darasin da ke nan shi ne hukumomi ba su ɗauki keɓewa a karan kanta laifi ba. Abin da suke tsoro shi ne kamfani ɗaya ya mallaki abin da kasuwa ba ta iya yi sai da shi.

Tsadar ƙera wasa kuma ta fara rusa katangar da kanta, domin wasan da ya ci ɗaruruwan miliyoyi yana buƙatar masu saye fiye da na na'ura ɗaya. Sony ya kai Horizon Zero Dawn kwamfuta a 2020, God of War da Spider-Man a 2022. Microsoft ya kai wasanninsa huɗu na'urorin abokan hamayya a 2024, daga cikinsu har da Sea of Thieves, sannan Forza Horizon 5 ya sauka a PlayStation 5 a 2025. Nintendo ne ya fi tsayawa a kan riƙe nasa. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce kalmar keɓewa ba ta da nauyin da take da shi a da, kuma abin da aka ce ba zai taɓa zuwa ba yakan zo.

Halin matashi a ƙasar Hausa

A Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi da Damagaram, matasa da yawa ba su mallaki na'ura ba, a gidan gem suke biya su buga, kuma PlayStation da wasan ƙwallo ne suka fi yawa a can. Su ma keɓewa ta shafe su ta hanyar lasisi. Gasar Zakarun Turai ta shekara goma tana hannun Konami mai wasan ƙwallo na PES kafin ta koma wurin EA mai FIFA daga FIFA 19, kuma a FIFA 20 ƙungiyar Juventus ta fito da sunan Piemonte Calcio saboda Konami ya riƙe sunanta.

Ga wanda yake son mallakar tasa na'urar, lissafin ya fi na Bature nauyi. Da dala ake sa farashin na'ura da wasanni, sabon babban wasa ya kai dala 70, ita kuwa dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ga kuɗin data don sauke wasanni masu nauyi, ga matsalar wutar lantarki. Shawarar da ake ba ɗan Amurka cewa ya sayi na'ura biyu ya huta ba ta da wurin zama a nan.

Akwai kuma wata keɓewar ta ƙasa. Yawancin ƙasashen Afirka ba sa cikin jerin da ake zaɓa yayin buɗe asusun PlayStation, shi ya sa mutane ke buɗewa da sunan Amurka ko Birtaniya. A Mayun 2024, da Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da irin wannan asusu, an dakatar da sayar da wasan a Steam a ƙasashe da yankuna fiye da 170. Ƙorafin jama'a ya sa Sony ya janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki. Lamarin ya nuna cewa mai saye daga wannan yanki yana iya rasa abu ba don na'urarsa ba, don ƙasarsa kawai, ya kuma nuna cewa ƙorafi mai tsari yana tasiri.

Abin da ya kamaci matashi

Abu na farko shi ne kada matashi ya zama sojan kamfani. Zagin aboki don yana riƙe da Xbox, ko murna don an hana wasu wani wasa, aiki ne da ake yi wa kamfani kyauta. Tarihin Call of Duty ya isa wa'azi: alfarmar da ke hannun masu Xbox ta koma hannun masu PlayStation da sa hannu ɗaya, daga baya kuma Microsoft ya saye kamfanin baki ɗaya. Wanda aka fifita bana, shi za a bari a baya baɗi.

Na biyu, a zaɓi na'ura da wasannin da suka riga suka fito, da kuma inda abokan wasa suke, kada a zaɓe ta da alkawarin talla. Matashi ya rubuta wasannin da yake bugawa da gaske. Idan ƙwallo ne da faɗa da tseren mota, mafi yawansu suna kowace na'ura, kuma ta hannu mai lafiya za ta biya buƙata. Sayen na'ura sukutum saboda wasa ɗaya asara ce ga mai ƙaramin ƙarfi.

Na uku, a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan talla. Idan aka ce wasa zai fara fitowa a na'ura kaza, ko aka ce ba zai zo wa wasu ba kafin wata kaza, wannan wa'adi ne, kuma zai ƙare. Mahaƙurci mawadaci: wasan da ya iso bayan shekara sau da yawa yakan zo da gyare-gyarensa da ƙarin kayansa a haɗe, kamar yadda Rise of the Tomb Raider ya isa PlayStation 4.

Na huɗu, a guji biyan kuɗi kafin wasa ya fito. Kwafin intanet ba ya ƙarewa, babu dalilin rububi. Ɗan tukuicin da ake maƙalawa don a ja mutum ya biya da wuri bai kai darajar jira a ji abin da waɗanda suka buga suka ce ba.

Na biyar, a kula da yankin asusu. A PlayStation, ƙarin kayan da aka saya a intanet sai sun dace da yankin faifan kafin su yi aiki, katin kuɗi ma sai ya dace da ƙasar asusun. Faifai kuma yana da wata fa'ida da kwafin intanet ba shi da ita: ana iya ara wa aboki, a yi musaya, ko a sayar idan an gama.

Na shida, idan an ga rashin adalci, a yi ƙorafi da hujja da ladabi, a kai shi wurin kamfanin da ya ƙulla yarjejeniyar, a kuma riƙe kuɗi a aljihu. Ƙin saye shi ne maganar da kamfani ya fi saurin ji.

Na ƙarshe shi ne sanin matsayin abin a rayuwa. Tsoron kada a bar mutum a baya shi ne jarin da keɓewa ke juyawa, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kuɗin makaranta, da jarin sana'a, da haƙƙin iyaye suna gaba da kowane gem, kuma cin bashi don sabuwar na'ura ba dabara ba ce. Matashin da ya ware wa nishaɗi kasonsa na kuɗi da lokaci, ya tambayi kowace yarjejeniya ko gini ta yi ko tare hanya, ko farashinta ya dace da kayanta, ko an faɗi gaskiya a kanta, zai iya bambance keɓewar da ke da uzuri da wadda ba ta da shi, ya saya a lokacin da ya dace da aljihunsa.